Tabaryar Inna Sahura

Ku gyara zama, masu waya su kife ta a cinya. Labarin nan ni zan ɗauko shi, amma ba ni zan sauke shi ba. In na kai inda zan tsaya, sauran aikin naku ne.

A garin Rafin Kargo akwai wata unguwa da ake kira Bayan Rumfuna. Baƙo ko an rufe masa ido ya san ya shigo ta, don tun daga bakin lungu atishawa za ta tarbe shi. Unguwar masu dakan taba ce. Maza su noma ta a fadama, su rataye ganyen a rumfa har ya bushe ya yi ja, dillalai su saye su kawo wa mata. Mata su daka shi da kanwa, su tankaɗe, su mayar da tsakin cikin turmi su sake dakawa, har ya zama asara, garin taban nan mai laushi da ake shaƙa ko a danna a dasashi. Da dakan nan ake cefane a unguwar, da shi ake sayen sabulu, da shi ake ɗinka wa yara kayan makaranta.

Babbar masu dakan ita ce Inna Sahura. Turminta na icen ƙirya ne, ta gaje shi wajen mahaifiyarta, ita kuma wajen tata uwar. Tabaryar har ta siranta a tsakiya saboda hannayen da suka riƙe ta. Amma ba turmi kaɗai ake gada a Bayan Rumfuna ba, har da tari. Yakan fara kamar mura mai naci, ya zauna, ya hana mace hawa tudu da tulu a ka, daga baya ya hana ta kwanciya, sai dai ta jingina da bango ta yi barci a zaune. Tarin gida suke ce masa. A ganinsu a jini yake, kamar wushirya ko gajarta. Maganin da suka sani kuwa guda ne: in ƙirji ya toshe, a shaƙi asara a yi atishawa, wai ta buɗe hanya.

Tarin nan ya tafi da mahaifiyar Inna Sahura, ya tafi da ƙanwarta, ita kanta ya daɗe da mayar da ita mai barcin zaune. Duk ta ɗauka ta bar wa Allah. Sai wata safiya a ƙarshen damina, tana shara, ta ji tari daga bayan ɗaki mai wani siririn fito a ƙarshensa. Ta san fiton nan. Shi ƙanwarta ta riƙa yi a shekarar da ta rasu. Ta leƙa, ta ga Yalwa ce durƙushe kusa da turmi, ta dafe ƙirji.

Yalwa ita ce 'yarta ta fari, mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta. Inna Sahura irin matan da ce, ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba saboda kunya. "Ke" take ce mata, in kuma da wasu take magana ta ce "uwar yaran nan". Ko ciwon kai Yalwa ta yi, maƙwabta ne ke tambayar jikinta, ita Inna sai dai ta ajiye mata kunu ta wuce.

"Ke," in ji ta, "ajiye tabaryar nan."

"In na ajiye me yaran za su ci, Inna?"

Inna Sahura ta juya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi biyu, ta jefa mata ɗaya.

A asibitin garin suka sami wata ma'aikaciyar jinya, Malama Barira, baƙuwa ce da aka kawo aiki daga wani gari. Ta saurari ƙirjin Yalwa, ta sa aka gwada majinarta, aka ga ba tarin fuka ba ne. Ta tambayi sana'arsu, aka gaya mata. Ta ce, "Inna, maganin da zan ba ta zai sassauta mata, amma muddin tana kan turmi, ni ina zubawa turmi yana kwashewa. Ba a jini yake ba. Ƙurar da kuke shaƙa ce, da wadda kuke ƙarawa da sunan magani." Ta kuma gaya mata cewa kowace shekara sashen lafiya kan roƙi majalisar ƙaramar hukuma ta ware kuɗi don rage shan taba da taimakon masu son barin sana'arta, kowace shekara kuma a soke.

Washegari Inna Sahura ta je sakatariya ta zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ofishin Ciyaman. Masinja ya ce yau ba za a gan shi ba. Ta dawo gobe, ta dawo jibi, har masu gadi suka fara ajiye mata benci. Da Ciyaman ya ga tsohuwar ba ta da niyyar gajiya, ya sa aka shigo da ita.

"Inna, ki gafarce ni," in ji shi bayan ya ji ta. "Ba ni kaɗai ke zartarwa ba, kansiloli ne ke kaɗa ƙuri'a. Rabinsu za su ce miki kakanninsu da taba a baki suka tsufa, ba abin da ya same su. Ko sun yarda, ranar da manoman fadama suka ji ana maganar, za su cika ƙofar nan da fartanya. Ga kuma dillalai, waɗanda ba a cin zaɓe a garin nan sai da baburansu. Zaman kasafi na gaba sai sanyi ya wuce. In kin iya da waɗannan kafin lokacin, hannuna na nan."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ni sana'ata daka ce, ban saba gama aiki da bugu ɗaya ba."

Ta fara da Malama Barira. Ta ce mata abin da ta faɗa a ɗakin asibiti ta zo ta faɗa wa unguwa. Malama Barira ta zo bayan ta tashi aiki, ta yi bayanin huhu dalla-dalla, mata suka saurara don ganin idon Inna, tana juya baya aka ce 'yar boko ce ta zo kashe musu sana'a. Da ta ga magana ba za ta yi ba, sai ta sayo farin yadi, ta yayyanka, ta ce kowace mace ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle ɗaya ta yi dakan yini, a ga abin da zai fito. Nan ta yi kuskuren baƙo. Farin yadi a fuskar mai rai? Mata suka ce likkafani ta kawo musu, wata har ta watsa ruwa a inda ta taka. Ita kanta Inna Sahura sai da ta ja da baya.

Malama Barira ba ta yi fushi ba. Ranar da ba ta da aiki ta zo da sassafe, ta ɗaura zani, ta ɗaure tata fuskar, ta karɓi tabaryar Inna. Ba ta saba daka ba, ga ta kuma da asma tun ƙuruciya, abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi ta bugu har azahar, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Da ta kwance ƙyallen, wurin hanci da baki ya yi duhu kamar an shafa masa laka. Ta ɗaga shi ta ce, "Wannan ƙyalle ne ya tare. Ku da ba ku ɗaura komai, ina naku yake tafiya?" Da yamma aka kwashe ta zuwa asibitin da take aiki, numfashi yana gagarar ta.

Kwanciyarta ta yi abin da bayaninta bai yi ba. Mata suka riƙa zuwa dubiya da kunu da lemo, kowace kafin ta tashi sai ta sunkuyar da kai ta ce a ba ta nata ƙyallen. Kowace kuma ta ɗinka alama a gefen nata da zare mai launi don kada ya haɗu da na wata. Dillalai suka kai ƙara wajen manyanta cewa tana tayar da hankalin gari, aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a ƙauye, ƙetaren rafi. Wannan bai hana ta ba. In ta tashi aiki ta hau acaɓa ta dawo, ƙafafu butu-butu da ƙura, ta saurari ƙirjin mata, ta karɓi ƙyallaye tana tarawa a buhu.

Daga nan Inna Sahura ta gangara fadama wajen Jatau. Jatau ƙanin marigayin mijinta ne, kuma shi ne Sarkin Fadama. Al'adar wurin ita ce in bai dasa ba ba mai dasawa, abin da ya dasa kuma shi kowa ke dasawa. Ta same shi tsakiyar tabarsa, ta kai gwiwa, ganyen ya yi faɗi ya yi sheƙi, rabon da ta yi kyau haka an daɗe.

"A'a, matata, yau da ƙafarki?" in ji shi. "Ko kin gaji da yanga ne kin zo mu daidaita?"

"Wa zai auri mai jan gemu? Taba ta rine ka har ciki. Zauna, ba wasa ya kawo ni ba."

Ta gaya masa tarin Yalwa, da maganar Ciyaman. Ya dubi gonar. Ya ce manoma ba sa jin magana sai sun ga buhu. Ta ce to ya nuna musu buhun.

Bayan kwana kaɗan mutanen fadama suka wayi gari suka ga Sarkin Fadama yana tuge tabarsa da hannu, yana tarawa a bakin gona. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa masa kai, wasu suka ce matar wansa ce ta yi masa asiri. Ya ce albasa zai dasa. Ya kira gayya, ba wanda ya zo, har 'ya'yansa maza suka ce ba za su sa hannu a ɓarna ba. Injin ban ruwan da yake aiki da shi kuwa na dillalai ne, sukan ba manomi aro ne muddin su zai sayar wa ganye. Ranar da suka ji labari suka aiko aka kwance shi aka tafi da shi.

Jatau ya shiga daji ya saro ice mai gwafa, ya kafa jigo a bakin rijiya, irin wanda rabon da a gan shi a fadamar tun zamanin kakansa: doguwar sanda, dutse a gindi, guga a ka. Tsoho mai furfura ya koma ɗiban ruwa guga-guga yana kora shi fangali-fangali, matasa suna wucewa a kan babur suna yi masa dariya. Bai san albasa ba. Ya shayar da ita kamar yadda ya saba shayar da taba, fangalolin farko suka ruɓe. Ya bi kasuwa har garin masu albasa, ya durƙusa gaban sa'o'in 'ya'yansa ya tambaya, ya dawo ya sake dashe. Bayansa ya riƙe har ya koma yin salla a zaune. Ranar da Inna Sahura ta kai masa man zafi ta ce ko ya haƙura haka, ya ce, "Ke kika tayar da ni, matata, amma ba ke za ki zaunar da ni ba." Kafin sanyi ya wuce, abin da ya tsira ya yi kai manya-manya, jajaye, har ƙasa tana tsagewa.

Na uku shi ne Honarabul Sadisu, kansilan mazaɓar da Bayan Rumfuna take ciki. Shi ma ɗan taba ne, amma ta kwali. Tun yana saurayi a tasha ya fara sigari, leɓɓansa sun yi baƙi, yatsu biyu sun yi rawaya. Matarsa 'yar Alhaji Maiwada ce, shugaban dillalan taba. Surukin nasa ne ya saya masa baburan kamfe, shi ya ba shi gidan da yake ciki da motar da yake hawa. Kowa a garin ya san in Alhaji ya yi tari Sadisu ne ke cewa sannu.

Inna Sahura ba ta roƙe shi komai ba. Kullum da safe sai ta biya ta ƙofar gidansa, daidai lokacin da yake zaune a dakali yana busa ta farko.

"Honarabul, ina kwana? Ba abin da ya kawo ni, gaisuwa ce."

Shi kuma don kunyar tsohuwa sai ya ɓoye sigarin a bayansa ya durƙusa ya amsa. Ita kuwa sai ta ja gaisuwar, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiyar jiya, tana tsayawa ta yi tari a tsakani. Wata rana har wutar ta huda masa babbar riga. Ya koma fita ta ƙofar baya, ta gano, ta riƙa biyowa ta lungu. Bai taɓa yi mata alkawarin komai ba. Amma matarsa ta lura ya daina cin abinci sosai, yakan zauna ya zuba wa kwalin sigari ido.

Ranar zaman kasafi ta zo. Da hantsi matan Bayan Rumfuna suka doshi sakatariya, Inna Sahura a gaba, Yalwa a baya ana riƙe da ita, don a lokacin tarin ya ci ƙarfinta. Suka tarar ƙofa a toshe. Manoman fadama sun cika ta da fartanya da sanduna, don an bi su gida-gida an ce hukuma za ta hana noman taba ta bar su da yunwa. Masu gadi suka ja ƙarfe suka kulle. Ciyaman ya leƙo ta taga, ya ce wa sakatarensa a shirya ɗage zaman.

Sai ga Jatau a kan amalanke, yana dafe da baya. Ya sa aka tsaya tsakiyar taron, ya kwance bakin buhu ya tuntsurar da shi. Albasa ta gangara har ƙarƙashin ƙafafun mutane.

"Ku ɗauka ku duba," in ji shi. "Ni kaɗai na cire wannan, da jigo da tsohon baya. Ku da ƙuruciyarku in kun sami inji fa? Ba wanda ya ce zai hana ku noma. Injin da kuke ban ruwa da shi, in kun yi gardamar farashi a zo a kwance, na wa ne? Kuɗin da kuka zo tarewa, a cikinsu ake so a saya muku naku."

Wani ya sunkuya ya ɗauki albasa, ya auna ta a tafin hannu, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba duka suka yarda ba, wasu suka tafi suna zagin Sarkin Fadama. Amma mafi yawa suka jingina fartanyoyinsu a katanga, suka buɗe hanya, suka bi bayan matan suka shiga.

A cikin zaure kansiloli suka fara abin da Ciyaman ya faɗa. Wannan ya ce kakansa da taba a baki ya ga jikokin jikoki, wancan ya ce tari ai kowa na yi. Da aka ba Malama Barira damar magana, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗaure igiya daga taga zuwa taga, ta buɗe buhu, ta riƙa shanya ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tabon hanci da baki. Igiya ta cika, warin taba ya cika zauren, kansiloli suka fara atishawa. Ta ce, "Kowanne dakan yini ɗaya ne." Wani kansila ya gane alamar zaren gwaggonsa, ya zauna. Wani kuma ya nuna wanda ya fi duhu ya tambaya na wace ce.

Inna Sahura ta miƙe. Ta ce, "Na Yalwa ne. Yalwa, 'yata ta fari."

Duk wanda ya tashi a garin ya san abin da ya sa tsohuwa irinta za ta kira wannan sunan a gaban maza. Yalwa ta rufe fuska da mayafi. Daga nan ba wanda ya ƙara maganar kakansa.

Da masu adawa suka ga ba halin sokewa, sai suka canza hanya. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya karanta ƙuduri da Turanci, ya taƙaita da Hausa cewa an amince a ware kuɗin gaba ɗaya. Mata suka fara guɗa, manoma suka fara tafi, ita kanta Inna Sahura ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Abin da ba a fassara ba shi ne inda kuɗin za su tafi: manyan alluna masu hoton baƙin huhu a kowace mashigar gari, da bikin ƙaddamarwa mai rumfuna da riguna da kalanda. Kwangilar kuwa an riga an san gidan Alhaji Maiwada za ta faɗa, an kuma yi wa Sadisu alkawarin kasonsa. Jatau bai ji Turancin ba. Malama Barira ta ji, amma an rufe maganar baƙi, ta ɗaga hannu sakatare ya kau da kai. Kansilolin da suka fahimta suka rabu biyu daidai, kowa ya san ɓangaren da Sadisu zai bi.

Sadisu ya miƙe. Surukinsa yana zaune a sahun gaba na baƙi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin sigari, ya ɗaga shi.

"Ranka ya daɗe, a jikin kwalin nan akwai gargaɗi, har da hoto. Ba allon da za a kafa da zai fi shi kusa da idona. Kullum ina ganinsa, in zaro ɗaya daga ƙarƙashinsa in kunna."

Ya juya ga jama'a ya fassara musu ƙudurin kalma-kalma da Hausa, guɗa ta tsaya. Ya kawo gyara: a ɗaure kuɗin a kan ɗaki a asibiti mai magani da mai ba da shawara ga duk mai son daina taba, da injinan ban ruwa da iri ga manoman da suka canza shuka, da injinan markaɗen gyaɗa ga matan da suka ajiye turmi. Ya ajiye kwalin a kan tebur ya ɗaga hannu. Da ƙuri'arsa gyaran ya wuce.

Kafin magariba an aiko an karɓi makullin motarsa. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa zuwa gidan haya, matarsa tana zuwa gaida mahaifinta ba ya amsawa. Jam'iyya ta sanar da shi kada ya wahalar da kansa neman tikiti a zaɓe mai zuwa. Ranar da aka buɗe ɗakin asibitin, shi ne na farko a benci, yana gumi, yana tauna asuwaki, yana faɗa da duk wanda ya ce masa sannu. Da samarin tasha suka ga Honarabul a layi, suka fara zuwa ɗaya-ɗaya.

Yalwa ta koma kan injin markaɗe, ita da wasu mata suna matse man gyaɗa suna soya ƙuli-ƙuli. Tarin bai bar ta duka ba, amma fiton ya tafi, kuma ta koma barci a kwance. Inna Sahura takan tsaya a ƙofar ɗakinta da asuba ta saurara, ta koma alwalarta.

Sai dai aikin bai ƙare ba. A Bayan Rumfuna har yanzu ana jin ƙarar turmi a wasu gidaje. Dillalai suna nan, kuma kuɗin na shekara ɗaya ne, baɗi sai an sake kokawa. Ciyaman ya kira Inna Sahura ya ce doka ta ce aikin sai da kwamiti, kwamiti kuma sai da shugaba guda, mai riƙe makulli, mai tsayawa gaban majalisa baɗi. Ya ce, "Ke kika fara, Inna, ke za ki zaɓa. In na zaɓa da kaina za a ce siyasa ce."

Maganar ta zaga gari. Mata suka ce Malama Barira, don ba don ita ba da har yau ana shaƙar asara ana cewa magani ne, kuma ita ce ta sa numfashinta a kan matan da ba danginta ba. Wasu suka ce ai baƙuwa ce, takarda ɗaya za ta ɗauke ta daga jihar ma, kuma ba ta san fangali ba. Manoma suka ce Jatau, don ba don shi ba da ko zaman ba a yi ba, kuma shi ya tuge abincin shekararsa da hannunsa ya bar lafiyar bayansa a bakin rijiya. Wasu suka ce tsoho ne, za a sake karanta masa Turanci ya yi tafi, ga shi kuma dangin Inna. Samarin tasha suka ce Sadisu, don ba don shi ba da wahalar mutum biyun nan ta ƙare a jikin allo, kuma shi ya rasa gida da kujera da fuskar suruki a yini ɗaya. Wasu suka ce shi ne ya zo ƙarshe, ɗan siyasa ne, kuma har yanzu hannunsa kan tafi aljihu da kansa.

Su ukun ba wanda ya nemi kujerar, ba kuma wanda ya ce ba ya so.

Ranar da za a sanar, Inna Sahura ta sa aka mirgino turmin ƙirya tun daga Bayan Rumfuna har ƙofar ɗakin asibitin. Ta wanke shi da toka, ta kife shi, ta ce daga yau kujera ce, ba za a ƙara daka a cikinsa ba. Ta ɗauki tabaryar da hannu biyu, ta ce wanda ta miƙa wa shi ne shugaba. Ta san in ta miƙa daidai, jikokinta ba za su san tarin gida ba. In ta kuskure, baɗi kuɗin su tafi, inji ya tsaya, Yalwa ta zo ta tayar da turmin nan da hannunta.

Ta dubi Malama Barira da tabon bororo a tafinta. Ta dubi Jatau dogare da sanda. Ta dubi Sadisu da asuwaki a baki, sanye da rigar nan mai huda a baya. Jama'a suka zuba mata ido, tabarya tana hannunta.

Nan na tsaya. Tabarya ɗaya ce, ba a raba ta. To, ku da kuka ji abin da kowannensu ya yi da abin da kowannensu ya rasa, wa Inna Sahura za ta miƙa wa?